Wurin Mefiboshet a Teburin Sarki

Karatu: 2 Sama'ila 4:4, 9:1-13
Ƙarin karatu: Markus 2:1-12
Ayar haddacewa: 2 Sama'ila 9:13



Karatunmu na yau ya kai mu gidan sarauta a ranar tashin hankali. Labari ya iso daga Yezreyel cewa Sarki Saul da ɗansa Yonatan sun mutu a yaƙi. Yonatan yana da ɗa mai shekara 5, sunansa Mefiboshet. Mai renonsa ta sure shi don ta tsere da shi, garin sauri yaron ya faɗi, ƙafafunsa biyu suka gurgunce. Ku lura, matar nan ceton ransa take nema. Duk da haka, faɗuwa ɗaya ta sauya rayuwar yaron har iyakar kwanakinsa.

Irin wannan rana tana shigowa gidajenmu har yau. Yaro ya hau bishiyar mangwaro, reshe ya karye da shi. Yarinya tana bayan babur za ta makaranta, mota ta buge su. Katanga ta jiƙe da ruwan damina ta faɗo wa yara suna barci. Wani ya yi tsalle da ka cikin rafi marar zurfi, wani harsashi ya same shi a lokacin rikici, wani kuma tarin fuka ne ya ci masa ƙashin baya a hankali. Daga nan sai iyaye su ji likita ya ce, "Lakarsa ta taɓu." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2013 cewa mutum 250,000 zuwa 500,000 ne suke samun wannan rauni a duniya kowace shekara. Wasu daga cikinsu 'ya'yanmu ne na makarantar Lahadi.

Mece ce laka? Igiya ce ta jijiyoyi da Allah ya shimfiɗa daga ƙwaƙwalwa, ta bi ta cikin ƙashin baya har zuwa wajen ƙugu. Ita ce take kai saƙo daga kai zuwa hannu da ƙafa da mafitsara da hanji, ta kuma komo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. Idan ta raunana, saƙon yakan tsaya a inda raunin yake. Rauni a wuya yakan shafi hannaye da ƙafafu, wani lokaci har da numfashi. Rauni a tsakiyar baya ko ƙasa yakan shafi ƙafafu da riƙon fitsari da bayan gida.

Don haka, ɗan'uwa, idan yaro ya faɗi yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, kada a sungume shi a kafaɗa, kada a zaunar da shi, kada a ɗora shi a babur. Mutum ɗaya ya riƙe kansa daidai da jikinsa, sauran su ɗaga shi gaba ɗaya zuwa kan katako ko ƙyauren ƙofa, a kai shi asibiti. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, ja da murza suna iya ƙarasa abin da faɗuwar ta rage. Ku san kuma cewa ƙashin yaro yana da taushi, yana iya lanƙwashewa ya koma wurinsa alhali lakar ta riga ta ji ciwo. Hoton ƙashi zai iya fitowa lafiya, sai hoton MRI ya nuna raunin. Manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Jami'ar Jos suna da likitocin da suka san wannan aiki. Yi addu'a a kan hanya, amma kada addu'a ta sa a jinkirta tafiya.

Tambayar da take bakin kowace uwa ita ce, "Zai sāke tafiya?" Likitoci sun raba raunin gida biyu. Akwai wanda wasu jijiyoyin suka tsira, yaron yana ɗan jin taɓawa ko yana ɗan motsa yatsa a ƙasan wurin ciwon. Irin wannan yakan samu sauƙi sosai, wasu har su koma tafiya da sanda ko ba sanda. Akwai kuma wanda saƙon ya yanke gaba ɗaya, a nan da wuya ƙafafun su komo ta hanyar magani. Yawancin sauƙin da jiki yake samu yakan zo cikin wata 6 na farko, ya ci gaba a hankali har shekara ɗaya ko biyu.

Mu masu bi mun san Allahnmu mai warkarwa ne. Yesu da ya ta da shanyayye a Kafarnahum yana nan da rai, bai canja ba. Haleluya! Za mu ɗora wa yaranmu hannu, mu shafe su da mai, mu roƙi warkarwa ba tare da gajiya ba. Amma ku duba yadda sura 9 ta ƙare. Bayan duk alherin da Dawuda ya yi, ayar ƙarshe ta sāke tuna mana cewa Mefiboshet gurgu ne. Ruhu Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Mutumin ya ci abinci a teburin sarki kullum, ƙafafunsa suna yadda suke. Allah bai jira ƙafafun su warke ba kafin ya ba shi wuri. Mu ma bai kamata mu jingine rayuwar yaro muna cewa sai ranar da ya miƙe ba.

Ku ga inda aka same shi: Lodebar, a gidan Makir ɗan Ammiyel, nesa da Urushalima. Shekaru sun wuce ba wanda ya neme shi. Da Dawuda ya tambaya ko akwai wanda ya rage daga gidan Saul, Ziba ya ambaci gurguntakar mutumin, bai ko faɗi sunansa ba. Da aka kawo shi, Dawuda ya kira shi da sunansa. Shi kuwa ya riga ya rena kansa har ya kwatanta kansa da mataccen kare. Haka ɓoyo yake yi wa zuciyar mutum. Akwai Lodebar a unguwanninmu: ɗakin baya inda aka ajiye yaro a kan tabarma, ana sakaya ƙofa idan baƙi sun zo. Mutane sun daina kiran sunansa, sai dai "gurgun gidan wane". Ikilisiya, wa zai tashi ya yi tambayar Dawuda?

Abu uku Dawuda ya yi masa. Ya kawar masa da tsoro. Ya mayar masa da gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su noma masa. Ya kuma zaunar da shi tare da 'ya'yan sarki. Ta'aziyya, abin zaman gari, da zumunci. Aya 12 ta ce yana da ɗa mai suna Mika, 1 Tarihi sura 8 kuma ta lissafta zuriyarsa. Wanda aka ɗauka tasa ta ƙare, ta wurinsa ne sunan Yonatan ya ɗore.

Yanzu bari mu sauko ga aikin kowace rana, gama a nan ne ran yaron yake. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin masu raunin laka ba sa daɗewa, gyambon kwanciya da ciwon mafitsara ne suke kashe su. A 1944 wani likita, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashe dominsu a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Ya nace a riƙa juya majiyyata dare da rana, a kula da fitsarinsu, a sa su motsa jiki. Mutane suka rayu. A 1948 ya shirya musu gasar harbin kibiya, wadda ta girma ta zama wasannin Paralympic da aka fara a Roma a 1960. Abubuwan da suka ceci waɗancan mutane, yawancinsu muna iya yin su a gida.

A juya yaron kowane awa 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyi da ƙarƙashin ƙafa don dunduniya ta bar katifa. A duba fatarsa safe da yamma, musamman ƙugu, mazaunai da dunduniya. Jan tabon da bai gushe ba gargaɗi ne, kada a sāke kwantar da shi a kansa. A koyi sa robar fitsari da tsabta daga ma'aikatan jinya, a ba shi ruwa isasshe, a tsayar masa da lokacin bayan gida. Zazzaɓi tare da fitsari mai wari ko mai kauri, sai asibiti. A riƙa miƙe masa gaɓoɓi kullum yadda likitocin gashi, waɗanda ake kira fisiyo, suka nuna, don kada su sandare. Da hunturu a nisanta kaskon wuta daga ƙafafunsa, a gwada ruwan wanka da hannu, gama zai ƙone bai sani ba. Yaron da ya ji raunin kafin ya balaga, sau da yawa ƙashin bayansa yakan karkace yayin da yake girma, saboda haka kada a daina komawa ganin likita. Wanda rauninsa yake wuya ko saman baya, idan ciwon kai mai tsanani ya taso masa farat ɗaya da gumi, jininsa ne ya hau: a zaunar da shi, a sassauta tufafi, a duba ko robar fitsari ta toshe, a nemi taimako nan da nan.

Uwa ɗaya ba za ta iya wannan duka ba. Juyi kowane awa 2 yana nufin ba ta da cikakken barci, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa gona. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Markus 2 mutum huɗu ne suka ɗauki shanyayyen, suka hau soro, suka buɗe rufi, Yesu kuwa ya ga bangaskiyarsu. Bangaskiyar da ake gani ke nan, mai hannu da kafaɗa. Zumuntar Mata, ku raba kwanaki, uwar nan ta samu ta runtsa. Matasa, ku ɗauko yaron zuwa sujada, ku koya masa ganga ko jita, ku sa shi cikin mawaƙa. Dattawa, a ware wani abu daga baiko don keken guragu mai matashi daidai jikinsa, da robobi, da kuɗin mota zuwa gashi. Malamai, ku je makarantarsa ku roƙa a mayar da ajinsa ƙasa. Ƙafa ce ta tsaya, kansa yana aiki sarai. A watan Janairu 2019 aka sa hannu a kan dokar Najeriya da ta hana nuna wa masu nakasa bambanci, ta kuma bukaci gine-ginen jama'a su zama masu shiguwa gare su. Kunya ce a ce doka ta riga gidan Allah. 'Yan buhunan siminti sun isa a yi gangare a ƙofar majami'a.

Bari in yi gargaɗi cikin ƙauna. Kada kowa ya fizge yaro daga kekensa a taron farkawa don a gwada bangaskiya. Idan Ubangiji ya warkar, ba ya bukatar mu ja ƙafar kowa, likita ma zai shaida. Kada a sa yaro mai ciwo azumi, kada a hana shi magani. Kada a ce wa iyaye zunubinsu ne ko ƙarancin bangaskiyarsu, kada a nuna wata tsohuwa a ce mayya ce. A Yohanna sura 9 almajirai sun nemi mai laifi a kan makahon nan, Yesu ya juya hankalinsu ga aikin Allah. Ke kuma uwa ko yaya da yaron ya faɗi a hannunki, Littafi Mai Tsarki bai la'anci mai renon Mefiboshet ba. Ajiye wannan kaya a gindin gicciye.

Joni Eareckson Tada ta Amurka tana da shekara 17 sa'ad da ta karya wuya garin tsalle cikin ruwa a 1967. An yi mata addu'ar warkarwa sau da yawa, ta kuwa ci gaba da zama a keke. Ta koyi zane da baki, ta yi aure, a 1979 ta kafa hidimar Joni and Friends wadda take raba kekuna tare da bishara a ƙasashe da dama. Wa ya san abin da Allah ya ajiye a cikin yaron da yake kwance a ɗakin baya na unguwarku?

Abin yi a wannan mako: Nemi gida ɗaya mai irin wannan yaro. Je ka gaishe su, ka kira yaron da sunansa, ka tambayi uwar wace rana za a karɓe ta.

Addu'a: Ya Uba, mun kawo maka 'ya'yanmu masu raunin laka. Ka taɓa jijiyoyinsu, ka warkar bisa ga ikonka. Ka tsare su daga gyambo da zazzaɓi. Ka ba likitoci hikima, ka ba iyaye ƙarfi da barci mai daɗi. Ka ba ikilisiyarka zuciyar Dawuda da kafaɗun mutanen nan huɗu, har kowane yaro ya sami wurinsa a teburinka. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.