Taga, Tsani da Amanar Ido

Duk wanda ya taɓa yin hunturu a Daura ya san cewa, tun daga ranar da iska ta fara kaɗowa ta wajen Kwangwalam da Mai'aduwa ɗauke da ƙurar Sahara, har zuwa faɗuwar ruwan fari, babu gilashin da zai kwana biyu bai yi furu-furu ba, har yara su riƙa rubuta sunayensu a kansa da yatsa. Kakanninmu ba su san wannan ɗawainiya ba, domin soron tubali da azara tagarsa 'yar kafa ce can kusa da rufi, iska da ɗan haske su shiga, ido kuwa ya tsaya waje, kamar yadda baƙo yake tsayawa a zaure. Sai da siminti ya zo, benaye suka tashi a sababbin unguwanni da faffaɗan tagogi na gilashi da almeniyam, sannan samari suka sami hanyar neman halaliyarsu ta goge su, musamman idan Salla ta gabato, ana shirin baƙin da za su zo kallon hawan Mai Martaba.

Sana'ar ba ta rasa nata ilimi ba, ko da yake kayanta ba su wuce tsani, da bokiti, da soso, da tsumma mai laushi, da roba mai ƙota ta share ruwa ba. Gwani ba ya fara zuba ruwa, sai ya kakkaɓe ƙurar a bushe tukuna, domin ƙura in ta jiƙe taɓo take zama, yashin da ke cikinta kuma ya karce gilashin. Ba ya yin aikin da tsakar rana, saboda sabulu zai bushe kafin a share shi, ya bar zane-zane. Daga sama yake farawa ya gangaro, ya ƙare da tsohuwar jarida, sannan ya bi kwarin da tagar ke gudu a ciki ya tono abin da ya taru na ƙasa da matattun ƙwari, wurin da mai gida ba zai taɓa dubawa ba. A nan ake gane mai ihsani.

Amma mas'alar da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuciya ita ce ta tsanin nan. An kawo a cikin Mudawwana ta Imamu Sahnunu cewa, da aka kai wa Sayyadina Umar, Allah ya yarda da shi, maganar wani da ya buɗe taga a benensa tana fuskantar maƙwabci, sai ya yi umurni a ajiye gado a gindinta, mutum ya hau ya tsaya, in ya hango cikin gidan maƙwabcin a hana ta, in bai hango ba a bar ta. To, idan tsayin gado ne ma'aunin shari'a, me za mu ce da saurayin da ya hau tsani har hawa na biyu, ɗakin matar gida a gabansa, tsakar gidan maƙwabci a ƙarƙashinsa, mata na daka ko wanki ba mayafi?

Wani zai ce ai mai gida ya yi masa izini. Na'am, amma izinin ijara ne, ya halatta masa gilashin, bai halatta masa abin da ke bayansa ba. Maƙwabci kuwa ko shawararsa ba a yi ba. Aya ta 27 ta Suratun Nur ta hana shiga gidan wani ba tare da izni da sallama ba, hadisin Sahlu ɗan Sa'adu kuma, wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito game da mutumin da ya leƙa ɗakin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana cewa saboda gani aka shar'anta neman iznin. Kallon da ya zo bagatatan an yi afuwa a kansa. Maimaita shi, balle a kai labarinsa majalisa bayan Isha'i, wannan ha'inci ne, ko da gilashin ya fita kamar ruwan rijiyar Kusugu.

Na taɓa ganin wani yaro a unguwarmu, bai fi shekara 17 ba, ya jingina tsani, ya ɗaga murya ya ce, "Gafara dai masu gida, za a hau sama!" har sau uku, ya dakata sai da ya ji an amsa daga bayan katanga, sannan ya hau yana ba gidan maƙwabta baya. Da na tambaye shi, ya ce wajen kakansa magini ya ga haka lokacin yaɓen damina.

Laifin dai, in an bi diddigi, ya fi rataya a wuyanmu mu masu ba da aikin, waɗanda muke cinikin lada har mu ƙure yaro, amma ba ma tunawa da abin da ya fi lada nauyi. Saboda haka, ya kai mai bene, kafin a kafa tsani ka aika a gaya wa maƙwabcinka, ka sa a saki labule, ka samo mai riƙe masa gindin tsanin, in ya sauko kuma ka biya shi hakkinsa nan take.