Bashin Da Ba A Rubuta Ba

'Yan'uwana ɗalibai, musamman ku na sashen tattalin arziki, akwai wata tambaya da nake so mu tauna tare. Kowace shekara mukan ɗauki takardun tambayoyi mu bazu ƙauyuka da kasuwanni domin haɗa kundin digiri. Wanda nasa ya yi kyau akan kai shi taron ƙara wa juna sani ya karanta, a tafa masa. To, shi manomin da ya ba da amsa fa, me ya samu? Abin da ya faɗa mana kyauta ce, ko ciniki, ko kuwa amana?

Mu fara duban abin da muke karɓa. Bahaushe ba ya ƙidaya damin da ke cikin rumbunsa a gaban baƙo, balle ya faɗi bashin da ake bin sa. Yana kuwa da dalili, domin a ƙasar nan an daɗe mai zuwa da alƙalami yana ƙirga bai zo da komai ba sai haraji da jangali, har 1979 da gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Saboda haka in magidanci ya buɗe baki ya ce maka dami kaza ya samu bana, kuma ba zai kai shi bazara ba, asirinsa ya damƙa maka. In kuwa da damina ka same shi, lokacin noman farko, har lokacinsa ka ci, ciyawa kuma ba ta jiran kowa.

Wani zai ce ai ilmi na kowa ne, amfaninsa zai komo ga manomin ko ba jima ko ba daɗe. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya. Alal misali, a wajen 1966 zuwa 1967 David Norman da abokan aikinsa na Samaru sun bi magidanta a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, suka nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, wanda masana da yawa suke ɗauka ci-baya ne, dabara ce mai ma'ana: tana rage hasara in wani iri ya ƙi, tana kuma biyan wahalar manomi. Haka nan Polly Hill, a littafinta na 1972 kan Batagarawa kusa da Katsina, ta bayyana yadda talaka kan sayar da hatsinsa da kaka yana araha, ya dawo ya saya da damina yana tsada, ya bar gonarsa ya tafi ƙodago a ta wani. Waɗannan ayyuka sun sauya tunanin masana ƙwarai. Amma fa da Turanci aka rubuta su, watau masana aka yi wa magana. Kundayenmu kuwa, mu faɗi gaskiya, mafi yawansu ko masanan ba sa karantawa. Ƙura ce ke karanta su a ɗakin ajiya.

Wani kuma zai ce to a biya mai amsa kuɗi mana, a huta. Ni ban yarda ba. Da zarar ka sa wa amsa farashi, za ka sami irin amsar da mai sayarwa yake zaton kana so. Ban da haka, ɗalibin da ke lissafin kuɗin mota da na bugun kundi ina zai samo?

A ganina amana ce, ita kuwa amana mayar da ita ake yi. Nan ne nake jin muna kuskuren fahimtar abin da ake kira hidimar jama'a. Mukan ɗauke ta tamkar sadaka, a je a share kasuwa, a ɗauki hoto, a sami abin rubutawa a takardar neman aiki. Alhali ɗalibin tattalin arziki yana da abin da ya fi tsintsiya. In bincikensa ya nuna masa ribar da mai ba da bashin kaka yake ci in an lissafa ta a shekara, ko bambancin kuɗin buhu tsakanin kasuwar ƙauye da Dawanau, to ya koma garin ya faɗa da Hausa, a dandali ko a taron masu adashi, kafin ya tsaya gaban farfesoshi. Su ma za su gyara masa inda ya yi shirme, abin da alƙalan taro ba za su iya ba.

Sai dai mayarwar ma tana da tarko. A birni cire suna ya isa ya ɓoye mutum, amma a ƙauye in ka ce "wani mai shanun huɗa biyu da injin niƙa", ko yaro ya san wa ake nufi, kuma in ka ce "wani da ya jinginar da gonarsa ta fadama" ka tona shi a gaban surukansa. Don haka lissafin da za a karanta a dandali sai a dunƙule shi gida goma-goma, takardun da ke ɗauke da sunaye kuma kada su kwana a hannun kowa, ko da mai gari ne ya nema.