Zumunci ko Ciniki? Darasin Wutar Kainji

Duk sa'ad da shugabannin ƙasashe suka taru, kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce 'yan'uwantaka. Amma ya kamata mu tambayi kanmu: ƙauna ce ke tafiyar da hulɗar ƙasa da ƙasa, ko kuwa neman riba ne ya sa rigar ƙauna? Bari mu dubi abin da ke tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar.

Kogin Kwara yakan ratsa Nijar kafin ya iso madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968. Tun shekarun 1970 Nijeriya take sayar wa Nijar wutar lantarki, har ta kai, kafin juyin mulkin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa. Jami'an Nijeriya sun sha bayyana dalili: idan maƙwabciya ta samu wuta, ba za ta gaggauta datse kogin daga sama ba, balle ruwan Kainji ya ja baya.

Ashe akwai lissafi a cikin wannan alheri. Wannan kuwa ba laifi ba ne. Gwamnati riƙon amana take yi, tilas ta kula da cikin gidanta, kuma cinikin da kowa ya amfana da shi abin yabo ne.

Gwaji ya zo ne a 2023. Bayan sojoji sun hamɓarar da Shugaba Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke wutar. Masu goyon bayan matakin suna da hujja: ƙyale juyin mulki gayyatar wani ne. To, amma wa ya sha duhun? Masu mulki ba sa rasa janareta. Mai walda, da mai injin niƙa, da majinyaci su ne suka ɗanɗana kuɗarsu. An ɗage takunkumin a farkon 2024 ba tare da Bazoum ya koma kujerarsa ba, kuma a Janairun 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata.

A nan ne amsar take. Zumunci da amfanin kai sukan yi tafiya tare lokacin zaman lafiya, ba mai iya rarrabe su. Ranar saɓani ce ke tona asiri. Idan abin da ka saba miƙa wa maƙwabci ya zama bulala a hannunka, kuma bulalar ta sauka a kan marar ƙarfi, to, ko da nufinka mai kyau ne, ka koya masa cewa dogara gare ka haɗari ne.

Iyaye, wannan ma'auni bai tsaya a fadar gwamnati ba. Maƙwabcin da ke ɗiban ruwa a rijiyarku, za ku rufe wa 'ya'yansa ƙofa ranar da kuka saɓa da shi? Yaranmu suna kallo, kuma daga cikinsu jakadun gobe za su fito.