ƊIBAN WUTA A HUNTURU

 

An ce a ƙasashen Turawa irin su Ingila da Rasha, idan dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe hanya, sai kowa ya shige ɗaki ya rungumi littafi, har su riƙa gaya wa juna wanda ya fi daɗin karantawa a irin wannan lokaci. To mu nan Mairuwa, Ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda ake shiga mota a je. Amma fa muna da namu hunturun. Daga Disamba zuwa Janairu iska ta taso daga hamada, hazo ya turnuƙe, sanyi ya biyo ta kan ruwan dam ɗin garinmu ya ratsa katanga, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage, man kaɗanya ya yi daraja. Ana sallar isha'i kowa ya ja ƙyaure. A irin wannan dare ni dai ban san abin da ya kai kaskon garwashi da kofin kunu da littafi mai daɗi ba.

Ni mayyar karatu ce tun ina budurwa, kuma ba na iya karanta abu ya yi mini daɗi in yi shiru, sai na tura wa wata. A da ina ɗaukar wannan a matsayin kirki tsantsa. Wani abu ne ya faru da ya sa na tsaya na tambayi kaina: shin wadda ta ba da aron littafi tana da alhakin abin da ya haifar, ko kuwa da zarar ya bar hannunta shi ke nan babu ruwanta?

Kin dai tuna a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na Jihar Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, saboda matsalar 'yan bindiga, aka daɗe ba a maido ba. 'Yan matan da suka saba karanta labarai a WhatsApp sai suka rasa abin yi, ga dare da tsawo, ga tsoro, ga sanyi ya fara shigowa. Sai na buɗe tsohuwar adakata, na fito da littattafan da na daɗe ina saye a kasuwar Funtuwa, gidana ya zama kamar shagon haya.

Akwai wata amarya maƙwabciyata, yarinya ce ƙarama, aurenta bai rufa shekara ba, mijinta manomi ne yana taɓa ɗinki. Ta shigo ta ce, "Yaya, a taimaka mini da mai daɗi, wallahi kaɗaici zai kashe ni." Ban yi wani tunani ba na zaro mata wani mai kashi uku, irin wanda saurayin ciki ɗan gidan Naira ne, motoci kamar kaji, kullum yana riƙe da hannun matarsa yana kiranta da sunaye masu sanyaya zuciya. Ba a yi sati biyu ba na fara jin hayaniya ta bayan katanga. Yau ta ƙi yin ɗumame, gobe ta ce shi ba ya da wayewa, jibi ta ce an cuce ta da aka ba shi ita. Ran nan sai ji na yi ta yi yaji.

Uwar mijin ta yi sallama gidana da hantsi, tsohuwa ce mai kawaici. Na shimfiɗa mata tabarma, na gaishe ta, na fara kare kaina tun ba ta ce komai ba. Na ce, "Inna, ai labari ne kawai, ni ma na karanta ban bar gidana ba." Ta dube ni ta ce, "Ɗiyata, in yaro ya shigo ɗiban wuta, ba ki duba abin da ya riƙo? In kasko ne ki zuba mashi, in tsumma ne fa?" Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta ɗauki takalmanta. Wallahi ran nan abinci bai shiga cikina ba.

Na san me wasu za su ce: ai ga irinta nan, a hana karatun kowa ya huta. Wannan magana tsohuwa ce. Tun da Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991 ake zargin littattafan soyayya da ɓata 'yan mata, har ta kai a 2007 an tara wasu an ƙone a Kano. Ni ban yarda da wannan ba. Ko wace shekara a hunturu ana gobara, amma ban taɓa jin an ce kowa ya kashe murhunsa ya kwana da yunwa da sanyi ba. Mata nawa ne karatunsu na boko ya tsaya a firamare, amma waɗannan littattafai suka riƙe musu shi har yau suna iya duba takardar asibiti da kansu?

Sai dai maganar da na faɗa wa Inna, cewa labari ne kawai, ita ma ba gaskiya ba ce, kuma a raina na sani. Ki tuna Magana Jari Ce na Abubakar Imam. A littafi na ɗaya, ba da sarƙa ko kwaɗo aku ya tsare Musa ɗan sarki ya hana shi fita daga fada ba, da labari ya riƙe shi dare bayan dare har mahaifinsa ya dawo daga yaƙi. To abin da ke da ƙarfin hana mutum fita, ai yana da ƙarfin fitar da shi. Ba zai yiwu in yi ta yabon littafi ina cewa yana gyara tunani ba, sannan ran da ya karkatar da tunanin wata in ce takarda ce da tawada.

Don haka na yarda ina da kaso a cikin laifin. Littafin bai canja ba tsakanin hannuna da nata. Ni na karanta shi ina da shekara goma sha biyar a ɗakin miji, na san zaman aure zo mu zauna ne zo mu saɓa, na yi dariya na rufe. Ita kuwa ta karanta shi ita kaɗai cikin dare, ba uwa kusa, ba waya, ba wanda za ta tambaya. Na ba ta wuta ban dubi abin da ta riƙo ba.

Na shirya na bi ta gidan iyayenta, da wani littafin a cikin mayafi, Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Wannan karon ban miƙa mata na juya ba, zama na yi muka karanta tare, labarin Rabi da mijinta ya wulaƙanta ya kore ta da 'ya'ya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Muna cikin hira ta fashe da kuka ta ce, "Yaya, ni fa ba mota nake so ba. Ya shigo ya ci tuwo ya juya mini baya, ko sannu babu." Kin ji inda gizo ke saƙar. Ashe littafin farko bai ƙirƙiro mata ciwo ba, fama mata shi ya yi, sai dai ya nuna mata maganin a inda ba ya nan. Na sa maigidana ya ja mijin gefe ya yi masa magana, aka yi biko, ta koma. Ba zan ce miki sun zama Laila da Majnun ba, amma yanzu nakan ji dariya ta bayan katanga.

Tun daga nan ban daina ba da aro ba, sai dai ina duba kaskon mai karɓa. Yarinyar da ake neman cire ta daga makaranta, nakan ba ta Wa Zai Auri Jahila?, ta ga yadda Abu ta tashi bayan auren dole ta yi karatu. Wadda zuciyarta ke tafasa da son ramuwa, Jiki Magayi ne nata, ta ga inda ramuwar ta ƙare. Uwar da ɗanta ya yi nisa, mukan karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa mu yi hawaye tare. In dare ne na tsoro, yara sun kasa barci, sai in jawo Ruwan Bagaja, wanda aka buga tun 1934, mu sha dariyar Malam Zurƙe har a manta da haushin karnuka. Masu son na soyayya kuwa, ga ta gida nan kusa da mu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa da Wa Ya San Gobe? Kuma duk wadda ta maido littafi sai na zaunar da ita na tambaye ta, "To me kika gani a ciki?"

'Yar uwa, yanzu da yatsa ɗaya kike tura labari wa mata ɗari a waya, ba ki ga fuskar ko ɗaya ba. Ba na ce ki daina ba. Ki dai tsaya ki tuna a cikinsu akwai amarya, akwai bazawara mai sabon ciwo, akwai 'yar shekara goma sha uku da ta ari wayar yayarta. Ki ja bargo, ki hura garwashinki, ki karanta ki more, in maƙwabciya ta yi sallama ta zo ɗiban wuta ki ba ta da hannu biyu, amma ki dubi abin da ta riƙo.

Allah Ya raba mu da gobarar hunturu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin.