Akushi Ɗaya da Kuturu

Da me ake auna girman bangaskiyar Kirista? Waɗansu da yawan azumi suke aunawa, waɗansu da ƙarfin murya a waƙar Lahadi. A ganina ma'aunin yana Danja, kusa da Maraɗi, inda mishan ta SIM ta buɗe asibitin kutare a 1956.

Kuturta tana warkewa. Tun 1995 ana ba da maganinta kyauta, kuma wata 6 zuwa 12 sun isa a kashe ƙwayar cutar. Sai dai magani ba ya mai da yatsun da suka gutsure, balle ya kankare ƙyama daga zukatanmu. Mutum ya warke a Danja, ya komo gida, sai dangi su ware masa ƙwaryarsa da modarsa.

Linjila ta ba da labarin Yesu ya taɓa kuturu da hannunsa, alhali kalma kaɗai ta ishe shi. Jefa sadaka daga nesa ba wuya, har yabo takan jawo. Amma a sa hannu a akushi ɗaya da wanda ya warke, ko a ba shi ɗiya in ya nemi aure, nan ne addu'ar shekara 20 kan yi tuntuɓe, kuma dattawan majami'a ba su cika riga sabbin tuba miƙa hannu ba.