Mantuwa Da Maganinta

Akan ce ɗan Adam tara yake, bai cika goma ba. To, cikin abubuwan da suka hana shi cika goman nan, da wuya a sami wanda ya kai mantuwa. Mutum ya sha wahala ya koyi karatu da rubutu, har ya karɓi takardar shaida, sa'an nan bayan shekara biyu a miƙa masa wasiƙa ya tsaya yana kame-kame. Shin laifinsa ne, ko kuwa hali ne wanda ba a zargin kowa a kansa?

Wani malami Bajamushe mai suna Ebbinghaus ya auna mantuwa a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Yakan haddace gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, kana ya jira ya ga abin da ya rage. Ya tarar bayan awa guda fiye da rabi ya tsere, bayan kwana guda wajen kashi 2 cikin 3, bayan wata guda kuwa saura wajen kashi 1 cikin 5. Watau ɓarnar ta fi yawa tun da fari, daga nan sai ta riƙa tafiya sannu a hankali.

Ashe ke nan tunani kamar turba yake cikin daji. Muddin ana bin ta tana nan fes, in aka daina, damina ɗaya ta isa ciyawa ta rufe ta. Saboda haka maganin farko shi ne bita da wuri. Abin da ka koya yau, ka waiwaye shi gobe, da bayan mako, da bayan wata. Kaɗan-kaɗan kullum ya fi tuli rana ɗaya, gama yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Na biyu, rufe littafin ka faɗi abin da ke ciki da ka. Malaman tsangaya sun daɗe da gane wannan: almajiri ba ya wanke allonsa sai ya kawo hadda, alaramma kuma, kome ƙarfin haddarsa ta izu 60, ba ya barin tilawa. Na uku, ka sami barci isasshe, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ƙulle abin da ta tara da rana. Na huɗu, ka koya wa wani, ko matarka ko ɗanka, gama mai koyarwa sau biyu yake koyo. Na biyar, ka rubuta, domin takarda ba ta mantuwa.

Yadda mutum ke mantuwa, haka gari ke yi. Dubi Kakuri, kudu da kogin Kaduna. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a can, wasu masaƙu suka biyo baya, har da United Nigerian Textiles a 1964. Dubban mutane daga Kano da Zariya, da ƙasar Tibi da ta Kataf, suka taru suna aikin dare da rana, kabila daban-daban, addini daban-daban, a gaban injin guda. Rikicin shekarar 2000 ya raba mazaunin mutanen Kaduna, da yawa suka ƙaura suka tsallake kogi, wasu arewa wasu kudu. A 2002 masaƙar farkon nan ta rufe ƙofa. Yaron da aka haifa bayan haka ya buɗe ido ya ga kango, ya kuma ji labarin rikici. Labarin zaman tare kuwa, in ba a gaya masa ba, ina zai same shi? Tsofaffin ma'aikatan da suka san shi kullum raguwa suke.

To, a nan ne amsar tambayarmu take. Mantuwa iri biyu ce. Akwai wadda rahama ce: da mutum yana jin zafin kowane rashi da kowane zagi kamar yau aka yi, da bai iya zama da kowa ba. Akwai kuma wadda sakaci ke haifarwa, ita ce barin alheri da ilimi su shuɗe alhali ana da ikon riƙe su. Abin tsoro shi ne, zuciya takan yi wa kanta bitar cuta ba a sa ta ba, alheri kuwa sai an tuna mata. Ba a zargin mutum don ciyawa ta tsiro, amma ana zarginsa in ya bar ta ta cinye gona.

Ya kai mai karatu, yanzu alƙalami yana hannunka. Ka karanta ko da layi biyar ne kowace rana. Ka zauna gaban dattijon unguwarku, ka tambaye shi wa ya yi aiki da shi, wa ya taimake shi ran da ya shiga wuya, ka rubuta sunaye da shekaru, ka karanta wa 'ya'yanka. Ta haka za ka tsare karatunka, ka kuma tsare wa garinku abin da bai kamata ya manta ba.