Sirrin da Ya Zama Amana

A watan Mayun 2024, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya hannu a kan dokar da ta wajabta wa masu shirin aure a Jihar Kano gwajin jini, har da na cuta mai karya garkuwar jiki. Doka ce mai amfani, sai dai iyakarta bakin ƙofar aure. Magidancin da ya fito daga Asibitin Muhammad Abdullahi Wase da ke Nassarawa GRA da sakamakon gwaji a aljihu, shekara goma bayan an shafa fatiha, shi da zuciyarsa suka rage. Ya faɗa wa iyalinsa, ko ya yi shiru?

Bahaushe yana girmama rufin asiri, kuma ciwon mutum sirrinsa ne. Amma sirri yana zama mallakar mai shi ne muddin cutarwarsa ba ta ƙetara zuwa jikin wani ba. Da zarar an haɗa shimfiɗa, ya koma amana. A gidan da ake da kishiyoyi, shirun mutum ɗaya yana iya kaiwa ga uwargida da amarya da jaririn da ke goye.

Wani zai ce magani ya kashe wannan magana, tunda wanda ya lizimci shansa har ƙwayar cutar ta daina bayyana a gwaji ba ya yaɗa ta ta hanyar saduwa. Haka ne. To amma abokiyar zamansa fa, wadda wataƙila ta kamu tun kafin ya sani? Shirunsa ya hana ta maganin da shi yake sha a ɓoye.

Duk da haka, ba mugunta ce kaɗai ke ɗaure harshe ba. Matar da ta faɗi gaskiya tana tsoron saki da zargin zina, alhali cutar tana shiga ta ƙarin jini da askar da ba a tsabtace ba. Tun 2014 Najeriya ta haramta tsangwamar masu ɗauke da ita, amma doka ba ta shiga zauren surukai.

Saboda haka nauyin a kan mutum biyu yake. Mai ciwo ya faɗa, ko da a gaban likita ne idan yana jin tsoro. Mai sauraro kuma ya riƙe abin da aka ba shi amana, kada ya mai da shi makami. Al'ummar da ke hukunta mai gaskiya, ita ke koya wa na bayansa yin shiru.